A Bar Yarinya Ta Faɗa Sau Ɗaya

Maganar da na ɗauko muku yau mai nauyi ce, irin wadda in aka taso da ita a tsakar gida sai a kori yara waje a rage murya. Wadda ranta zai sosu ta gafarce ni, amma ta daure ta karanta har ƙarshe. In kuwa akwai wadda ba ta yi karatun boko ba a gidanku, don Allah a karanta mata.

Maganar yaran da a ke ci wa zarafi ce, ko da duka na fitar hankali ko da lalata, da abin da ke biyo baya ran da yaron ya buɗe baki ya faɗa. Zan ba ku tarihin wani ɗan ƙaramin gida a ƙasar Amurka, domin akwai abu guda a cikinsa da na ke so mu yi wa kallon tsanaki.

Mu fara daga nesa kaɗan. A 1874 akwai wata 'yar riƙo a birnin Niyok mai suna Mary Ellen Wilson, shekarunta wajen 10. Matar da ke riƙonta tana kulle ta a ɗaki, tana zane ta da bulala, ba ta barinta ko leƙa ƙofar gida, har da almakashi ta taɓa yankarta a fuska. Maƙwabta suna jin kukan. Wata mata mai zagaya gidajen talakawa saboda aikin coci, sunanta Etta Wheeler, ita ce ta ji labarin, ta yi dabara ta shiga gidan ta ga yarinyar da idonta. Ta yi ta bin hukuma ofis ofis, ba wanda ya yarda ya shiga tsakanin yarinya da mai riƙonta. Daga ƙarshe sai wurin Henry Bergh ta je, watau shugaban ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Ku ji fa, dawaki da karnuka suna da ƙungiyar da ke tsaya musu tun 1866, yara ba su da ita. Shi ne ya sa lauya Elbridge Gerry ya kai maganar gaban alƙali, aka ɗauko yarinyar, aka ɗaure matar shekara guda. Daga nan aka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta Niyok, ta sami rajista a 1875, ita ce ta farko irinta a duniya. Ita kuwa Mary Ellen ta girma, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya mata biyu, ta sa wa ta fari suna Etta, ta rayu har 1956 tana da shekara 92. Na kawo wannan ne saboda masu cewa yarinyar da aka zalunta tata ta ƙare.

Aka yi shekaru masu yawa abin yana tafiyar hawainiya, sai a 1962 wani likitan yara a birnin Denver, C. Henry Kempe, shi da abokan aikinsa suka buga wani rubutu a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka. Abin da suka nuna wa 'yan'uwansu likitoci shi ne, in aka kawo maka jariri da karaya, hoton ƙashi kuma ya nuna wata tsohuwar karaya da ta haɗe kusa da sabuwar, iyaye suna ta rantsuwa daga gado ya faɗo, to, ka sake dubawa. Cikin shekara biyar kusan kowace jiha ta yi dokar da ta tilasta wa likitoci kai rahoto in sun yi zargin an ci zarafin yaro. A 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar tarayya kan al'amarin.

To, rahoto ya yi ta zuwa. Zancen lalata da yara, wanda da can ba mai kama sunansa, shi ma ya fito fili. A nan ne kuma wata sabuwar wahala ta ɓullo, wadda ba wanda ya yi nufinta.

Akwai wani gari a jihar Alabama, can kudancin Amurka, a na ce masa Huntsville. An san shi da aikin kumbo, don a nan aka tsara rokar da ta kai mutum duniyar wata a 1969. A 1981 wani lauya mai suna Robert Cramer, wanda aka fi sani da Bud, ya zama babban mai gabatar da ƙara na gundumar Madison, inda garin ya ke. Shari'un lalata da yara suka riƙa zuwa teburinsa, ya kuwa lura suna ruɓewa a hannunsa, ko da shi kansa ya gamsu an aikata laifin. Da ya bi sawu sai ya ga inda gizo ke saƙar.

Yarinya ta faɗa wa malamarta. Malama ta kai ta wurin shugaban makaranta, ta sake faɗa. A kira ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ta faɗa. A kai ta caji ofis, ga mutum da kaki da bindiga a ƙugu, ga waɗanda aka kamo suna wucewa, ta faɗa. A asibiti nas ta tambaya, likita ya tambaya. Ofishin lauya a sake daga farko. Kowannensu yana da takardarsa, kowa yana da tambayoyinsa, kuma ba mai magana da ɗan'uwansa. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu, kowa aikinsa ya ke yi. Amma ku sa kanku a matsayin 'yar shekara bakwai. In babba ya tambaye ta abu ta ba shi amsa, gobe wani babban ya sake tambayarta abin nan dai, me za ta ɗauka? Za ta ɗauka amsar farko ba ta yi ba. Sai ta sauya kaɗan, ko za ta dace da abin da a ke so. Ran shari'a lauyan wanda a ke tuhuma ya jera takardun, ya ce a nan ta ce da rana ne, a can ta ce da dare, yarinyar nan ƙarya ta ke yi. Wata kuma tun kafin a kai ga kotu ta gaji, ta ga uwarta kullum kuka, gida ya rikice saboda ita, sai ta ce ba a yi mata komai ba, ita ta ƙaga.

Cramer ya tara 'yan sanda, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da likitoci, da masu kula da lafiyar tunani, da mutanen gari, aka yi ta zama. Abin da suka cim ma a 1985 ba wani gini mai hawa goma ba ne. Wani ɗan gida suka samu a cikin unguwa, irin wanda iyali ke zama, suka gyara shi, suka sa kujeru daidai tsawon yara da kayan wasa. Suka ce daga yau yaro ba zai bi ofisoshi ba, ofisoshin ne za su zo inda ya ke. Mutum ɗaya wanda aka horar shi ne zai zauna da yaron ya yi masa tambaya. Ɗan sanda da lauya da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a suna wani ɗaki suna kallo suna sauraro, da farko ta bayan wani madubi da a ke gani ta gefe guda, daga baya kuma ta kyamara. In ɗayansu yana da tambaya sai ya aika wa mai tambayar, shi kuma ya san yadda zai sa ta a bakin da yaro zai gane. Bayan haka su zauna tebur ɗaya su ga abin da ya kamata a yi: wa zai kai yaron ga likita, a ina zai kwana yau, wa zai kama wanda a ke zargi. Akan kuma ba uwa ko wanda ke tsaye kan yaron wani ma'aikaci na musamman, mai yi mata bayanin abin da a ke ciki, ya raka ta kotu, ya haɗa yaron da mai ba shi shawara har hankalinsa ya kwanta. Wannan gida shi ne asalin Cibiyar Kare Yara ta Ƙasa da ke Huntsville, ita ce ta farko da aka yi a kan wannan tsari.

Ni dai a ganina, hikimar ba ta wuce wannan ba: manya sun yarda su ɗauki wahalar zirga-zirga su sauke wa yaro. Kada ku raina wannan. Kowace cikinmu ta san yadda ma'aikaci ke kishin ofishinsa. A ce wa ɗan sanda ya zauna shiru a wani ɗaki wata mata tana tambayar shaidarsa, a ce wa likita ya kawo abin da ya gani teburin da lauya ya ke, wannan ya fi tara kuɗin gini wuya.

Na san akwai mai cewa a ranta, to, ai yara ma suna sharri, in aka ce duk abin da yaro ya faɗa shi ke nan, ba a zalunci bayin Allah ba? Tambaya ce mai kyau, kuma su Amurkawan sun ɗanɗana kuɗarsu a kanta. A 1983, a jihar Kalifoniya, aka zargi masu wata makarantar renon yara da a ke kira McMartin. Aka tara ɗaruruwan yara a na yi musu tambaya, amma wace irin tambaya? Irin wadda a ke sa wa yaro magana a baki. In ya ce ba a yi masa komai ba sai a ce ai abokanka duk sun faɗa, kai ne ba ka da wayo? In ya ce an yi sai a yaba masa. Har yara suka shiga ba da labarai na ban mamaki waɗanda hankali ba zai ɗauka ba. Shari'ar ta kai 1990, ta ci wajen dala miliyan 15, ɗaya daga waɗanda a ke tuhuma ya yi shekara biyar a tsare, ƙarshe ba wanda aka samu da laifi. An ɓata wa mutane rayuwa, su ma yaran an ruɗa su.

Saboda irin wannan ne masana suka zauna suka gyara yadda a ke tambayar yaro, kuma horo a kan wannan yana cikin manyan ayyukan da aka san Huntsville da su. Mai tambaya ba ya kama sunan kowa. Ba ya cewa, "Wane ne ya taɓa ki, ko?" Sai ya fara da hirar makaranta ko wasa har yarinya ta saki jiki. Ya gaya mata in ba ta san abu ba ta ce ba ta sani ba, in ya yi kuskure ta gyara masa. Sa'an nan ya ce, "Gaya mini abin da ya sa aka kawo ki nan yau." In ta tsaya ya ce, "Sai kuma me ya faru?" Ba ya zare ido, ba ya salati, ba ya yi mata alkawarin alewa. Tambaya irin wannan tana kare yaron da aka cuta, tana kuma kare mutumin da aka yi wa ƙage, domin abin da ya fito daga bakin yaro ba tare da an tura shi ba shi ne alƙali zai iya dogara da shi.

Labarin ɗan gidan nan ya bazu, garuruwa suka riƙa aiko mutanensu su gani. A 1987 aka kafa ƙungiyar da ta haɗa irin waɗannan cibiyoyi. A 1990 aka zaɓi Cramer ɗan majalisar wakilai ta tarayya, ya zauna daga 1991 har 2009. A 1990 ɗin majalisa ta yi doka kan yaran da aka ci wa zarafi, a 1992 aka yi mata gyara aka sa kuɗin tallafa wa cibiyoyin a ciki, aka kuma tanadi manyan cibiyoyin yanki guda huɗu: arewa maso gabas, tsakiya, kudu da yamma. Ta kudu a Huntsville aka ajiye ta, aka ba ta jihohi 16 da birnin Washinton. Aikin cibiyar yanki shi ne ta zama uwa ga ƙananan: garin da ba shi da cibiya ta nuna masa yadda zai kafa, wanda ke da ita ta horar da ma'aikatansa, in 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a sun saɓa ta taimaka a daidaita su. Daga gida ɗaya a 1985, adadin ya haura 900 a faɗin Amurka.

Har ƙetare abin ya kai. Wani jami'in kare yara na ƙasar Ayislan, Bragi Gudbrandsson, ya ga tsarin ya kai shi gida, a 1998 suka buɗe nasu suka sa masa suna Barnahus, watau gidan yara da harshensu. Suwidin ta bi a 2005, da goyon bayan Sarauniya Silvia, Norwe a 2007, Denmak a 2013. Su har sun fi masu abin a wani wuri. A Amurka tsarin mulki ya ba wanda a ke tuhuma damar fuskantar mai ba da shaida a kansa, don haka in shari'a ta kai ga zama, sau da yawa sai yaron ya tsaya a kotu duk da haka. A Ayislan kuwa a na iya ɗaukar bayanin yaron a gidan yara ƙarƙashin kulawar alƙali, lauyan wanda a ke tuhuma yana kallo daga wani ɗaki yana aika tambayarsa, a naɗi faifan, shi za a kai kotu.

Kada kuma in yi muku zuƙi ta malle. Da masu bincike na jami'ar New Hampshire suka gwada garuruwa masu cibiya da marasa ita a shekarun 2000, sun ga yaran da suka bi ta cibiya sun fi samun ganin likita nesa ba kusa ba, hukumomi sun fi aiki tare, iyaye kuma sun fi gamsuwa da yadda aka bi da su. Amma ba su ga hujjar cewa ko'ina an fi ɗaure masu laifi ba. Gida mai kujerun yara ba ya mai da shari'a mai wuya ta zama mai sauƙi. Ni dai ko iyakar abin da ya yi ke nan, a duba lafiyar yaro a kan kari, a fita da shi ba a ƙara masa wani ciwon ba, na ce ya biya kuɗinsa.

To, 'yan'uwa, mu dawo gida. Sa'ad da na ke karanta yadda a ke yawo da yarinya ofis ofis a Alabama, wallahi tsakar gidajenmu na riƙa gani. Mu tun kafin a je ga hukuma mun gama da ita. Yarinya ta dawo daga talla ko aike tana ɗingishi, ko a ga wani abu a wandonta wajen wanki. Uwa ta ja ta ɗaki, mari ya riga tambaya: "Uban wa ya aike ki can?" Kuka ya jawo abokiyar zama, ita ma ta tambaya. A aika a kira goggo. Kaka ta zo da tsohuwar unguwa a kwantar da yarinya a duba ta, mata huɗu ko biyar a kanta. Maigida ya dawo a sake daga farko, yana huci. A wuce wurin mai unguwa, zaure cike da maza, a ce ta faɗa da bakinta, wani lokaci ma ga wanda ya yi mata abin a zaune yana kallonta. Kowa kuma yana sa mata magana a baki: "Mai shagon nan ne ko? Faɗi gaskiya, shi ne ko?" In Allah ya sa aka kai caji ofis, a lokacin labarin ya zama kashi biyar, unguwa duka ta ji, yarinyar kuwa ta riga ta gane cewa babban kuskurenta shi ne da ta faɗa.

Daga nan sai maganar rufin asiri ta shigo. A ce a bar wa Allah, in aka tona wa zai aure ta. A ce ɗan'uwa ne, kada zumunci ya lalace. A karɓi ɗan abin da aka bayar na magani a yi shiru. Ban raina tsoron uwa ba, don na san bakin mutanenmu, na kuma san wadda za a nuna da yatsa ran biki. Amma ina so mu tambayi kanmu, asirin wa aka rufa? Yarinyar dai unguwa ta riga ta sani. Wanda aka rufa wa shi ne mutumin, kuma yana nan a shagonsa ko a ɗakinsa na zaure, gobe 'yar wata za a aika wurinsa. Abin da cibiyoyin can suka daɗe da tabbatarwa, mu ma mun san shi in za mu faɗi gaskiya: mafi yawan masu wannan aiki ba baƙi ba ne, mutanen da yaro ya sani ne, waɗanda aka amince wa. Shi ya sa yaro kan yi watanni ko shekaru bai faɗa ba. Kuma ba 'ya'ya mata kaɗai ba, har da maza, su ma nasu ya fi ɓoyuwa.

In an lura, tsarin Huntsville ya fi namu rufa wa yarinya asiri. Mutum ɗaya ta gaya wa, a ɗaki a rufe. Mu da mu ke taƙama da kunya mu ne mu ke tara mata jama'a.

Doka kam muna da ita. Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003. Jihar Kaduna a 2020 ta kai hukuncin wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe har ga dandaƙa da kisa. Amma komai tsananin hukunci, alƙali ba ya yanke shi sai da hujja, hujjar kuwa a hannunmu ta ke lalacewa, a yinin farko. Akwai kuma wuraren da aka buɗe don karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe: Mirabel a Ikeja ta jihar Legas tun 2013, Waraka a asibitin Murtala na Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato tun 2020. Su ba rassan Huntsville ba ne, manya da yara duka su ke karɓa, amma tunanin ya yi kama, watau a haɗa magani da shawara da taimakon shari'a wuri guda. Sai dai ina mace ta ƙauye, mai tafiyar rabin yini kafin ta ga kwalta, za ta same su?

Saboda haka, uwargida, kafin a kai ga kowace cibiya, ke ce ɗakin farko. In 'yarki ko ɗanki ko 'yar riƙonki ko 'yar aikinki ta zo miki da irin wannan magana, ki haɗiye ihun, ko da zuciyarki za ta fashe. Ki ja ta inda ba kowa. Ki bar ta ta faɗa da kalmominta, kada ki kama mata sunan kowa, kada ki ce me ya kai ki. Ki ce mata kin ji, kin yarda da ita, ba laifinta ba ne, kuma ta kyauta da ta faɗa. Masu wannan aiki sun ga cewa yaron da uwarsa ta tsaya masa ya fi saurin warwarewa, wanda kuwa aka ƙaryata a gida shi ya fi janye maganarsa. In kin iya rubutu, ki rubuta abin da ta ce yadda ta faɗe shi, da ranar. Wanda duk ya zo da tambaya bayan haka, ko maigida ne, ke za ki ba shi amsa, ita ta gama nata sai gaban wanda aikinsa ne.

Na san hannunki zai kai ga tukunyar ruwan zafi da bagaruwa, don haka muka taso muka gani. Ki dakata tukuna. In abin bai daɗe da faruwa ba, kada a yi mata wanka, kada a gasa ta, sai likita ya gani. Kayan da ke jikinta kada a wanke, a naɗe su a takarda mai tsabta, ban da leda, don leda tana riƙe danshi ta ɓata abin da a ke nema. A hanzarta zuwa asibiti, domin maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, watau kwana uku, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. In yarinyar ta fara al'ada akwai abin da likita zai yi game da ciki, shi ma yana da ƙa'idar kwanaki. In kuwa an riga an yi wankan, ko abin ya daɗe, a je duk da haka.

Ga wani abu da mata da yawa ba su sani ba, kuma ya sa an ƙaryata yara masu yawa. Likitocin da suka ƙware a wannan fanni sun tabbatar cewa mafi yawan yaran da aka yi lalata da su, in an duba ba a ganin wani rauni. Wurin yana saurin warkewa, wata lalatar kuma ba ta barin alama tun farko. Don haka tsohuwa ta duba ta ce "lafiyarta lau, a rufe ta ke" ba ya nufin yarinya ta yi ƙarya. Dubawar ma ba ta da wani amfani in ban da ƙarin tozarci, a daina ta.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, ku matso. In wani ya taɓa ki inda bai kamata ba, ko malami ne, ko ɗan'uwa, ko mai ba ki kyauta, laifin nasa ne. Ko kin karɓi kuɗinsa, ko ke kika je da ƙafarki, ko ya ce in kin faɗa zai kashe ki ko ba mai yarda da ke, duk dabarar rufe miki baki ce. Ki zaɓi babba guda wadda kika amince da ita, uwa ko yaya ko malama ko nas ɗin makaranta, ki gaya mata. In ba ta saurare ki ba ki nemi wata. In kuma ƙawarki ce ta gaya miki ta ce ki rantse ba za ki faɗa ba, kada ki kai wa sauran 'yan aji, amma kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ki ce mata za ki raka ta wurin malama, ki riƙe mata hannu har ta gama.

Sauran magana ta ƙungiyoyinmu na mata ce. FOMWAN a 1985 aka kafa ta a Minna, watau sa'ar gidan Huntsville ce, ga kuma ƙungiyoyin zumuntar mata na coci, da na malamai mata, da na nas-nas da unguwarzoma. Mun gina makarantu, mun sayi gadajen asibiti, mun aurar da marayu. Ɗaki guda a babban asibitin ƙaramar hukuma, mai ƙofar da ke rufuwa, da tabarma da 'yar tsana, da mace ɗaya da aka tura ta koyi yadda a ke tambayar yaro, bai fi ƙarfinmu ba. Mai wuyar ita ce a sami DPO da likita da jami'in jin daɗin jama'a da lauyan gwamnati su yarda su riƙa zuwa ɗakin, su kuma zauna tare ko sau ɗaya a wata su bi shari'un ɗaya bayan ɗaya. To, waɗannan mutane mazajenmu ne da 'ya'yanmu da ƙannenmu. Wadda mijinta ke cikinsu ta ajiye masa wannan shafi kusa da kwanon tuwo.

Kafin nan, wadda za ta je awo ko rigakafi a wannan mako ta tambayi nas, in irin wannan ta faru a unguwarmu, wane ɗaki a ke zuwa, wa a ke nema, kuma a na buɗewa da dare? Ta rubuta amsar a bayan katin asibiti, ta gaya wa maƙwabciyarta. Wadda ta sami amsa, ko ta tarar babu, ta rubuto wa wannan fili da sunan garinsu, za mu buga don sauran 'yan'uwa su sani.

Sai mun sake saduwa in Allah ya kai mu.